Prime95 a zafin Katsina: manhajar farautar manyan lambobi da ke tona asirin kwamfuta

Kyauta ake sauke Prime95 daga shafin mersenne.org, kuma ba ta buƙatar a girka ta. Ƙunshin zip ne: ka buɗe folda, ka zazzage fayilolin ciki, ka danna prime95.exe. Akwai ta Windows da ta Mac, ta Linux kuwa sunanta mprime. George Woltman ne ya rubuta ta, shi ne kuma ya kafa aikin GIMPS a 1996, wato haɗin gwiwar masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban da ke ba da aron kwamfutocinsu don neman manyan lambobi. Da ka buɗe ta karon farko za ta ba ka zaɓi biyu. Maɓallin Join GIMPS! na wanda zai shiga farautar ne, Just Stress Testing kuma na wanda yake son gwada lafiyar injinsa kawai. Masu gyaran kwamfuta da suka san manhajar, yawanci na biyun suka sani. To amma ƙarfin na biyun daga na farkon ya fito, don haka sai an fahimci lissafin kafin a gane me ya sa shaidarta take da nauyi.

Lambar da ake farauta

Akwai lambobin da ba sa rabuwa ba saura sai da 1 ko da kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, har illa masha Allahu. A aji ana ce musu firam, a nan za mu kira su gagara-rabo. Prime95 ba kowace gagara-rabo take nema ba. Iri ɗaya ta sa a gaba: ka ninka 2 da kanta sau p, ka ɗebe 1, abin da ake rubutawa 2^p − 1. Sunan Marin Mersenne suka ci, wani malamin addinin Kirista ɗan Faransa da ya fitar da jerinsu a 1644. Jerin nasa bai tsira daga kuskure ba, domin ya sa 67 da 257 alhali ba sa ciki, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. A 1903 Frank Nelson Cole ya nuna a bainar jama'a cewa 2^67 − 1 daidai take da 193,707,721 sau 761,838,257,287.

Sharaɗi na farko shi ne p kanta ta zama gagara-rabo. Dalili: duk lambar a da ta raba p, to 2^a − 1 za ta raba 2^p − 1. Ɗauki 15, wadda 3 da 5 suke rabawa. 2^15 − 1 ita ce 32,767, ga ta nan 7 sau 31 sau 151, kuma 7 da 31 ɗin su ne 2^3 − 1 da 2^5 − 1. Amma cika wannan sharaɗi bai wadatar ba. 11 gagara-rabo ce, duk da haka 2^11 − 1, wato 2,047, ta fashe zuwa 23 sau 89. Waɗanda suka tsira ba su da yawa: p = 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 61, 89, 107, 127, daga nan tazara ta yi ta faɗi. Da gano ta watan Oktoba na 2024, adadin da aka sani ya kai 52, kuma 18 na baya-bayan nan duk GIMPS ce ta zaƙulo su.

Wannan ta 2024 ita ce 2^136,279,841 − 1. Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, shi ne ya gano ta da katunan hoto na kwamfuta (GPU) da ya yi haya ta intanet a ƙasashe da dama, aka tabbatar da ita ranar 12 ga Oktoba. Alƙaluma 41,024,320 gare ta. In za a buga ta a takarda, alƙaluma 3,000 a kowane shafi, shafuka 13,675 za ta ci, sama da rim 27 ke nan. In kuwa mutum zai karanta ta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya yi kwana 474 da ɗoriya. Wadda ta gabace ta, 2^82,589,933 − 1, da Patrick Laroche ya gano a Disambar 2018, alƙaluma 24,862,048 ce.

Abin burgewa shi ne ɗalibin sakandare da kalkuleta a hannu zai iya fitar da siffofinta da kansa. Yawan alƙaluma: ka ninka p da logaridim ɗin 2, ka yar da abin da ke bayan ɗigo, ka ƙara 1. A nan akwai tarko. Wanda ya yi amfani da 0.30103, kamar yadda aka saba taƙaitawa, zai samu 41,024,320.5, amsarsa ta zarce da alƙalami ɗaya. Sai an sa 0.30102999566 ake samun 41,024,319.945, a ƙara 1 bayan yanke wutsiya, a sauka daidai. Wutsiyar ma ba ta banza ba ce: ka ɗaga 10 zuwa 0.945 za ka ga 8.81, kuma lallai da 881 lambar ta fara. Ƙarshenta kuwa, alƙalamin ƙarshe na ninkin 2 zagaye yake yi, 2, 4, 8, 6, ya dawo. Raba p da 4, saura 1, ke nan 2^p da 2 ta ƙare, lambar tamu kuma da 1. A tsarin sifili-da-ɗaya na kwamfuta ba ta da sifili ko guda, ɗaya ne zalla a jere sau 136,279,841.

Kowace irin wannan lamba tana haifar da cikakkiyar lamba, wadda in ka tara masu raba ta, ban da ita kanta, sai su ba ka ita. 28 misali ce: 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Ana samun ta ne daga 2^(p−1) sau 2^p − 1. Tun zamanin Yukilid, masanin lissafi na tsohuwar Girka, aka san wannan, masanin lissafi Euler kuma ya tabbatar duk cikakkiyar lambar da 2 take rabawa daga nan ta fito. Ta 2024 ta haifar da mai alƙaluma 82,048,640.

Yadda take gwada lamba

Ba wanda ke gwada irin wannan lamba ta hanyar raba ta da 3, da 5, da 7, bi-da-bi. Duniya za ta naɗe ba a gama ba. Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce ta Lucas da Lehmer. Édouard Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, da hannu a 1876, Derrick Lehmer kuma ya gyara hanyar a 1930. Ka fara da 4. Ka ninka ta da kanta, ka ɗebe 2, ka raba da lambar da kake gwadawa, ka riƙe saura. Ka maimaita da sauran, har sau p − 2. In ka ƙare a sifili, gagara-rabo ce, in ba haka ba, ba ita ba ce, babu wataƙila.

Gwada da p = 7, lambar 127. Daga 4 sai 14. Daga 14 sai 194, saura 67. Daga 67 sai 4,487, saura 42. Daga 42 sai 1,762, saura 111. Daga 111 sai 12,319, wadda take 127 sau 97 cif. Mataki biyar, sifili. Yi wa 2,047 haka, za ka bi ta 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, ka ƙare a 1,736. Ta faɗi. Lura da cewa gwajin bai gaya maka 23 da 89 ba. Ya dai ce akwai mai raba ta, bai nuna shi ba.

Dalilin da ya sa lambobin Mersenne suka mamaye jerin manyan gagara-rabo shi ne rabawar nan kusan kyauta ce a wurinsu. Tunda 2^p ta fi lambar da 1 kacal, fitar da saura yankewa ne da tarawa. Misali 194 a raba da 31: 194 ita ce 32 sau 6 da ɗoriyar 2, ka tara 6 da 2, saura 8. Kwamfuta kan yi wannan cikin ƙiftawar ido. Wahalar duk tana wurin ninka lamba mai alƙaluma miliyan arba'in da kanta, kuma a yi hakan sau miliyan 136. Nan ne gwanintar Woltman take. Manhajar na datsa lambar gutsi-gutsi, miliyoyin gutsattsari, ta ninka su ta dabarar da ake kira FFT, da lambobi masu ɗigo. Kowace amsa ya kamata ta faɗo dab da cikakken adadi, kamar 7.02 ko 6.97, sai a mayar da ita 7. In ta fito 7.5, ba a san ko 7 ba ce ko 8, lissafi ya lalace. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu gwajin farko ba na Lucas da Lehmer ba ne. An koma gwajin Fermat, wanda manhajar ke kira PRP: a ɗaga 3 zuwa lambar ban da ɗaya, a raba da lambar, a ga ko saura 1 ne. Duk gagara-rabo tana cin wannan jarrabawa, sai dai wasu 'yan tsirarun jabu ma suna ci, kamar 91, wadda take 7 sau 13. Shi ya sa duk wadda ta ci sai an sake bi ta kanta da Lucas da Lehmer. Me ya sa 3 ba 2 ba? Saboda da 2 duk lambar Mersenne mai p gagara-rabo tana wucewa, har 2,047 ɗin da muka fasa. An yi wannan sauyi ne don dalilai biyu masu ƙarfi. A 2017 Robert Gerbicz ya kawo hanyar kama kuskure ana tsakiyar gwajin, ta yadda in injin ya yi tuntuɓe sai manhajar ta koma baya kaɗan ta gyara. Daga 2020 kuma gwajin kan fitar da fayil ɗin shaida da wata kwamfuta za ta tantance cikin ɗan lokaci, maimakon a sake dukan aikin daga farko kamar da. Ga mai zaune a inda wuta ke rawa, waɗannan biyun su ne suka sa shiga aikin ya zama abin yi.

Kafin a kai ga wannan dogon gwaji ana tankaɗe tukuna. Duk mai raba 2^p − 1 dole ya zama 2kp + 1, inda k cikakken adadi ne, kuma in an raba shi da 8 saura ya zama 1 ko 7. Duba 23: 2 sau 11 da 1, saura 7. Duba 89: 8 sau 11 da 1, saura 1. Wannan na rage waɗanda za a gwada ƙwarai. Bayan haka akwai hanyar P−1 ta John Pollard, ta 1974, wadda ke son ram mai yawa. Lambar da ta tsallake duka biyun ce ake ba wa makonni.

A shagon mai gyara

Ga inda Prime95 ta fi amfani ga mutumin Katsina, ko mai shago ne a titin IBB, ko ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko na kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman da zai sayi kwamfutar beljiyam da kuɗin da aka daɗe ana tarawa. Kwamfuta na iya kunnuwa lafiya, ta buɗe Word, ta nuna bidiyo, alhali ram ɗinta na da ciwo ko fankarta ta toshe. Prime95 na ba injin lissafin da aka riga aka san amsarsa, ta matsa masa iyakar matsi, ta kwatanta. Sifili ɗaya ya juye ya zama ɗaya cikin biliyoyi, amsa ta sauya. Ba ruwanta da kyan jiki ko sitikar da ke kan murfi. A farkon 2016 da ita aka bankaɗo wata matsala a furosesan Intel na zubin Skylake, inda injin ke daskarewa a kan wani lissafi, har sai da aka fitar da gyara ta BIOS, manhajar da ke tayar da injin.

Ka shiga Options, ka zaɓi Torture Test. Small FFTs na tsare aikin a cikin furosesa, shi ne mafi zafi da cin wuta. Large FFTs na jibga nauyin a kan ram da hanyar da ke tsakaninta da furosesa. Blend na gauraya su. Babban gibin manhajar shi ne ba ta nuna zafin injin ko kaɗan, kuma wannan sakaci ne a kayan aikin da ke iya kai furosesa ƙarshen juriyarsa cikin minti biyu. Dole ka buɗe wata manhajar auna zafi a gefe, HWiNFO ko Core Temp, kafin ka danna OK.

Ga mai sayen tafi-da-gidanka, shawara ita ce a jona caja, a ɗora ta kan tebur ba kan cinya ko katifa ba, a ba ta Small FFTs minti 15 zuwa 20, sannan Blend rabin awa in mai kaya ya yarda. Yawancin furosesan Intel iyakarsu digiri 100. Sirara daga cikin tafi-da-gidanka kan haura 90 su rage gudu da kansu, wannan ba lallai cuta ba ce, haka aka ƙera su. Abin tsoro shi ne wadda ta mutu ɗif cikin minti biyar. Mafi yawan lokuta ƙura ce ta yi dam a bakin ƙarfen sanyaya, ko man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya zama kamar alli, ko fanka ta gaji. Duka ukun gyaransu ba tsada, amma a cire kuɗin daga farashi. In kuwa batir na raguwa alhali caja na jone, duba wat ɗin da ke rubuce a jikin cajar. An sha haɗa injin da ke son 65 ko 90 da caja mai 45.

In lissafi ya karkace, layin ɓangaren gwajin da ya yi kuskuren zai tsaya, saƙo ya fito cewa Rounding was 0.5, expected less than 0.4, ya biyo da Hardware failure detected. Wannan shi ne 7.5 ɗin da muka ambata. Kuskure a Small FFTs na nuni ga furosesa, ko zafi, ko wutar da ke isa gare shi. In Small ya wuce lafiya amma Large ko Blend ya faɗi, ram ake tuhuma. Kashe injin, cire sandar ram ɗaya, goge haƙoranta, sake gwadawa da ɗaya-ɗaya, sannan ka tabbatar da manhajar gwada ram ta MemTest86. Haɗa sanduna biyu masu gudu daban-daban, abin da ake yawan yi a kasuwa don a ce ram ta kai gigabait 8 ko 16, na daga cikin masu jawo wannan.

Lokacin gwaji ma abin lura ne. Injin da ya ci jarrabawa da safiyar hunturu a Janairu ba lallai ya ci ta da azahar ɗin Afrilu ba, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40 kuma shagon kwano ya fi haka. Mai gyara na gari zai gwada a yanayin da mai kaya zai yi aiki. Sannan kada a ɗora wa manhajar abin da ba nata ba. Ba ta duba faifan ajiya, ba ta duba allo, ba ta auna ƙarfin batir, ba ta taɓa katin hoto. Cin jarrabawarta shaida ce a kan furosesa da ram da sanyaya, iyakarta ke nan.

Wani aibin: komai nata da Turanci ne, fuskarta kuma tsohuwar fuskar Windows ce, tagogi cike da layukan rubutu. Muhimman saituna da dama ba su cikin menu, suna ɓoye a fayil ɗin undoc.txt, sai mutum ya karanta ya rubuta su da hannu cikin prime.txt. Sabon shiga zai sha wuya a makon farko.

Shiga farautar daga nan

A nan sai an yi lissafin aljihu kafin na lambobi. Kana buɗe asusu a mersenne.org, babbar kwamfutarsu mai suna PrimeNet ta ba ka lamba, manhajar ta rubuta ta a worktodo.txt ta kama aiki. Tana gudu ne a matsayi mafi ƙasa, duk abin da ka buɗe sai ta ja baya ta ba shi hanya, don haka ba za ka ji nauyinta sosai ba. Fanka da mita ne za su ji.

Tsawon aikin a bayyane yake a allo, domin tana nuna milisakan nawa kowane mataki ke ci. Lamba mai p wajen miliyan 140 matakai miliyan 140 ce. In mataki na cin milisakan 10, daƙiƙa miliyan 1.4 ke nan, kwana 16 da 'yan awoyi ba tsayawa. In 25 ne, kwana 40 da rabi. In kuma awa takwas kawai injin ke samu a rana, ninka da uku. Abin da ke ƙayyade gudun sau da yawa ba furosesa ba ne, ram ce. Lambar da ake juyawa ta kai wajen megabait 60, ta fi ƙarfin ƙaramar ma'ajiyar cikin yawancin furosesa, don haka kowane mataki sai an kai an kawo. Sanda biyu iri ɗaya a ramukan da suka dace sun fi sanda ɗaya babba nesa ba kusa ba. Haka kuma gara a haɗa dukan ƙwayoyin furosesa kan lamba ɗaya da a ba kowace tata, musamman ga injin gida. Options, Benchmark zai nuna maka wanda ya fi.

Wuta: kwamfutar tebur mai jan wat 100 na cin yunit 2.4 a kwana, 72 a wata. Ninka da kuɗin yunit a mitarka. Mai sola ya lura cewa batir mai bolt 12 da amfiya 200 yunit 2.4 ɗin nan yake ɗauka a takarda, kuma in na ruwa ne rabi ya kamata a ja, wato awa 12 kafin a cire asarar imbata. Ke nan batir guda zai tafi a kan wannan aiki kaɗai cikin dare. Mafita mai hankali ita ce a bar ta ta yi aiki da rana, lokacin da faranti ke ba da rarar da ba a amfani da ita, abin da Katsina da Daura ba su rasa ba. Da janareto kuwa kada ma a fara, asara ce tsagwaronta.

Ɗaukewar wuta ba ta kashe aikin. Manhajar na ajiye inda ta kai duk minti 30, tana kuma riƙe tsofaffin kwafi, ta yadda in na ƙarshe ya lalace sai ta koma na bayansa. A Options, Preferences a rage tazarar zuwa minti 10. Abin da ke ɓata fayil shi ne wuta ta tafi daidai lokacin rubutawa, don haka ƙaramin UPS na da rana. Tafi-da-gidanka ba a yi ta don wannan ba. Wata guda cikin digiri 90 na iya gajiyar da fanka, ya lahanta batir. Wanda ya nace, ya cire alamar da ke barin ta gudu a kan batir, ya rubuta Throttle=50 a prime.txt don ta riƙa aiki rabin lokaci, ya ɗaga bayan injin iska ta shiga.

Sai data. Aikin yau da kullum ba ya cin komai, 'yan layuka ne take aika wa PrimeNet. Amma a ƙarshen gwajin PRP fayil ɗin shaida ya haura megabait 100, kuma kafin nan tana son wajen gigabait 6 a faifai don tara abin da za ta haɗa shi da shi. Tana kuma iya karɓo aikin tantance shaidar wasu, wanda shi ma saukewa ne. Duk ana daidaita su a Options, Resource Limits, kuma mai sayen data da gigabait ya leƙa can tun ranar farko. In ka yi shiru tsawon lokaci ba rahoto, za a karɓe lambar a ba wani. Kuma kada a saka ta a kwamfutocin ofis, ko na makaranta, ko na cibiyar jarrabawa, ba da izinin mai su ba. Wutar wani ce da injin wani.

Maganar kuɗi, gara a faɗe ta ƙarara. GIMPS na ba da dala 3,000 ga wanda ya gano sabuwa. Gidauniyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta ajiye dala 150,000 ga gagara-rabo ta farko mai alƙaluma miliyan 100, wadda p ɗinta sai ta haura miliyan 332, kuma wanda ya gano ta da wannan manhaja kashi ɗaya cikin uku zai samu bisa ƙa'idar GIMPS. An taɓa biyan dala 100,000 kan 2^43,112,609 − 1, wadda aka gano a jami'ar UCLA ta Amurka a 2008. To amma damar lamba guda ta zama gagara-rabo a wannan mataki kimanin ɗaya ce cikin miliyan, manhajar ma kan nuna maka ƙiyasin a Test, Status. Duk wanda ya ce maka hanyar samu ce, bai yi lissafi ba. Haka wanda ya ce da wannan ƙatuwar lamba ake tsare asusun banki. Makullin sirranta bayanai na RSA mai bit 2,048 na amfani da gagara-rabo biyu masu alƙaluma wajen 309 kowace, kuma amfaninsu a ɓoye su ne, ita kuwa wannan duniya ta san ta. Inda lambar Mersenne ta shiga aikin yau da kullum shi ne irin 2^19,937 − 1, wadda aka gina injin fitar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi na harshen rubuta manhaja Python a kanta, da 2,147,483,647, wato 2^31 − 1, da Euler ya tabbatar a 1772, wadda duk mai rubuta manhaja ya sani a matsayin iyakar adadi mai bit 32.

Wanda zai ji daɗinta shi ne mai son lissafin don kansa, da malamin da ke son ɗalibai su ga cewa akwai tambayoyin da har yau ba a amsa ba, kamar ko lambobin Mersenne gagara-rabo suna da iyaka. Katsina, garin da ya fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu kan ƙa'idojin gina hatimi mai gidaje mara a 1732 ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, bai kamata a ce irin wannan aiki baƙo ne a cikinsa ba. Kwamfutar tebur guda a sashen lissafi, kan sola, da izinin shugaban sashe, ta isa ɗalibai su bi 127 da 2,047 a allo da alli, sannan su juya su ga injin na yin abu ɗaya a kan lamba mai alƙaluma miliyan arba'in.

Mai injin da bai da ƙarfi ya zaɓi aikin sake dubawa, wanda ke cikin jerin ayyuka a ƙarƙashin menu na Test. Lambobin sun fi ƙanƙanta, suna ƙarewa da wuri, kuma akwai tarin waɗanda aka gwada sau ɗaya tak a shekarun baya, kafin zuwan hanyar Gerbicz, da injinan da wasunsu suka yi kuskure ba a sani ba. Sai an kammala su ne za a tabbatar ba a tsallake wata gagara-rabo a tsakani ba, shi ya sa har yanzu ba a ce ta 2024 ita ce ta 52 a jeri ba, an dai ce ita ce ta 52 da aka sani. Kafin a karɓi lamba ta farko, a bar injin ya yi Blend na awa 12 ko fiye ba kuskure ko ɗaya, a hure ƙurar cikinsa, a kuma maimaita hurewar duk mako biyu muddin iskar hunturu na kaɗawa.